Wasan Zamiya Da Allo A Kan Dusar Ƙanƙara: Gwaninta Tana Wurin Shan Kwana

A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, dusar ƙanƙara takan lulluɓe manyan duwatsun Turai da Amurka da Jafan, sa'an nan jama'a su yi ta ɗunguma zuwa can, maza da mata, manya da yara, domin wasan zamiya. Waɗansu sukan ɗaura dogayen katakai biyu, ɗaya a kowace ƙafa, su riƙe sanduna a hannu. Wannan shi ne tsohon wasan da ake kira siki. Waɗansu kuwa allo ɗaya tak suke hawa, ƙafafunsu biyu a ɗaure a kansa, suna tsaye a karkace, hannu ba sanda. Wannan na biyu shi ne Turawa suke kira sinobod, kuma bayaninsa ne muka kawo wa masu karatu a wannan mako.

Wanda bai san wasan ba zai zaci gudu shi ne abu mai wuya a cikinsa. Gudu kuwa gangaren dutse ne yake bayar da shi, ga gwani da ɗan koyo baki ɗaya. Abin da ake biyan malami kuɗi domin a koya shi ne shan kwana, saboda da kwana ake rage gudu, da ita ake kauce wa itace ko mutum, da ita kuma ake tsayawa. Duk wanda ya hau kan dutse bai iya ta ba, daidai yake da direban da ya kama gangara a cikin motar da ba ta da sitiyari balle birki.

ASALIN WASAN

A ranar Kirsimeti ta shekarar 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, mazaunin garin Muskegon a jihar Mishigan ta Amurka, ya haɗa katakan siki biyu wuri ɗaya domin 'ya'yansa mata su yi wasa a gangaren da ke bayan gida. Matarsa ta raɗa wa abin suna Snurfer, kamfanin Brunswick kuma ya karɓi izinin ƙera shi domin sayarwa. Allon nan na farko ba shi da maɗaurin ƙafa. Igiya ce aka ɗaura a goshinsa, mai hawa ya riƙe kamar linzami.

Daga cikin yaran da suka tashi da wannan abin wasa akwai Jake Burton Carpenter, wanda a shekarar 1977 ya kafa ɗan ƙaramin wurin ƙira a garin Londonderry na jihar Bamont, ya shiga yin alluna masu maɗauri. A can yammacin ƙasar kuma Tom Sims yana ta tasa ƙirar. Gasar da aka yi tsakanin waɗannan mutane biyu ta sa allon ya yi ta kyautatuwa, har cikin shekarun 1980 aka sa masa bakin ƙarfe, wanda shi ne ya ba masu hawa ikon shan kwana a kan ƙanƙara mai tauri.

Masu wuraren zamiya ba su karɓi baƙon da hannu biyu ba. Da yawansu sun hana masu allo hawa dutsensu, suna cewa yara ne marasa ladabi waɗanda ba su iya sarrafa abin hawansu ba. Dutsen Stratton na jihar Bamont yana cikin manyan wuraren da suka fara buɗe ƙofa, a shekarar 1983, sauran suka biyo baya sannu a hankali. Duk da haka akwai wurare uku a Amurka da suka yi tsayin daka a kan hani, watau Alta da Deer Valley a jihar Yuta, da Mad River Glen a Bamont. Waɗansu masu allo sun kai ƙarar Alta, amma a shekarar 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba masu wurin gaskiya.

YADDA ALLON YAKE

Cikin allon katako ne, an lulluɓe shi da zaren gilashi, ƙasansa kuma roba ce mai santsi wadda ake shafa wa kakin zuma ko makamancinsa. Tsawonsa ga babban mutum yakan kama daga santimita 140 zuwa 165, kuma ma'aunin da aka saba ba ɗan koyo shi ne, idan ya tsayar da allon a gabansa ya kai tsakanin haɓarsa da hancinsa. Allon yana da faɗi a goshi da wutsiya, ya tsuke a ƙugu, don haka kowane gefe nasa a lanƙwashe yake kamar baka. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Tun da a karkace ake tsayawa, lalle ne ƙafa ɗaya ta kasance a gaba. Galibin mutane hagu suke sa wa a gaba, waɗansu kuma dama. Malamai sukan gane wannan ta hanyar sa ɗalibi ya yi ɗan gudu ya zame a kan daɓe mai santsi. Ƙafar da ya miƙa gaba ba tare da tunani ba, ita ce ta gabansa. Tazarar ƙafafun takan ɗan ɗara faɗin kafaɗa, ana karkata maɗaurin gaba kamar digiri 15 wajen goshin allo, na baya kuma a bar shi a miƙe ko a ɗan karkata shi wajen wutsiya.

Gefuna biyu na allon kowanne da sunansa. Wanda yake ƙarƙashin yatsun ƙafa shi ne gefen yatsu, wanda yake ƙarƙashin diddige shi ne gefen diddige. Dukkan wasan ya ta'allaƙa ne a kan sauya nauyin jiki daga wannan gefe zuwa wancan a daidai lokacin da ya kamata.

DARASIN FARKO

Abin da malami yake fara nuna wa ɗalibi shi ne layin gangara, watau hanyar da ƙwallo za ta bi idan aka sake ta daga saman dutse. Idan goshin allo ya fuskanci wannan layi gudu yakan ƙaru, idan kuma allon ya gitta masa gudu yakan ragu har a tsaya.

Daga nan sai a koyi zamiya a gicciye. Ɗalibi zai tsaya fuskarsa tana duban ƙasan dutse, ya kafa gefen diddige a cikin dusar. In ya ɗan saukar da yatsunsa allon zai fara zamewa, in ya ɗaga su ya tsaya. Bayan wannan ya juya fuskarsa wajen saman dutse ya yi irin haka da gefen yatsu. Idan hannunsa ya faɗa sai a ce ya ƙara nauyi a ƙafa ɗaya, allon ya tafi wannan ɓangare, ya mayar da nauyin ɗaya ƙafar ya komo. Malamai suna kiran wannan faɗowar ganye, domin haka busasshen ganye yake lilo dama da hagu in ya bar reshe.

A nan ne ɗalibi yake haɗuwa da dokar da ba a karya ta a kwashe lafiya: gefen da yake wajen saman dutse shi ne zai taɓa ƙanƙara, wanda yake wajen ƙasa kuwa a ɗage yake. Idan allo yana zamewa a gicciye, gefen ƙasa ya kuskura ya caki dusar, nan take allon zai tsaya cik, shi kuwa mai hawa jikinsa bai tsaya ba, sai ya ji shi a ƙasa tim. In gefen yatsu ne ya kama, da fuska zai faɗi. In na diddige ne, da ƙeya. Babu ɗan koyon da bai ɗanɗani wannan faɗuwa ba, kuma tsoronta ne yake hana da yawa ci gaba.

YADDA AKE SHAN KWANA

A ɗauka mai hawa yana ratsa gangara a kan gefen diddige, yana so ya juya zuwa gefen yatsu. Da farko zai dubi inda yake nufin zuwa, domin kai da kafaɗa da ƙugu suna bin ido ne. Sa'an nan ya matsa da nauyinsa kan ƙafar gaba, gwiwoyinsa a lanƙwashe, ya saukar da yatsun ƙafar gaba a hankali alhali ta baya tana nan a kan diddige. Wannan yakan sa allon ya ɗan murɗe, goshinsa ya saki ƙanƙara ya sunkuya wajen layin gangara da kansa. Idan goshin ya fuskanci ƙasa sosai, allon zai kwanta shimfiɗe na ɗan lokaci kaɗan. A wannan lokaci ne kaɗai ɗan koyo zai sauya gefe. Sai ya danna yatsun ƙafar gaba, na baya su biyo, ya tura gwiwoyi da ƙugu bisa gefen yatsu, ya riƙe haka har allon ya sake gitta gangara. Juyawa zuwa diddige ma haka take, illa dai yatsun gaba ɗaga su ake yi, mutum kuma ya yi kamar zai zauna a kan kujera.

Kwana ɗaya tana zana rabin da'ira a kan dusar. Idan aka haɗa ta yatsu da ta diddige, ɗaya na bin ɗaya ba tsayawa, sawun yakan zama kamar tafiyar maciji. Ranar da ɗalibi ya haɗa kwana uku ko huɗu a jere, malamai sukan ce ya shiga wasan.

KURAKURAN DA SUKA FI YAWA

Babban kuskure shi ne jan jiki baya. Da zarar goshin allo ya dubi ƙasa gudu ya fara ƙaruwa, zuciya takan ce wa mutum ya ja da baya, nauyinsa ya koma ƙafar baya. Ga shi kuwa goshin allo ne yake fara kwana, kuma ba zai kama ƙanƙara ba sai da nauyi a kansa. Saboda haka mai tsoron gudu shi ne gudu ya fi kwasa, domin ya ɗauke nauyi daga wurin da zai juya shi. Maganin abin shi ne a koma gangara mai sauƙi inda zuciya za ta kwanta, a riƙa miƙa hannun gaba bisa goshin allo har jiki ya saba.

Na biyu shi ne shurin ƙafar baya. Mai wannan hali yakan fizgi wutsiyar allo da ƙarfi, kafaɗunsa su juya wani ɓangare, allon ya juya wani. A gangara mai sauƙi dabarar tana fid da shi, shi ya sa take zama jiki, amma ranar da ya hau wuri mai tsauri ko ƙanƙara mai santsi sai ta ba shi kunya. Malamai sukan gyara wannan ta hanyar sa ɗalibi ya kama gefen wandonsa da hannu biyu, ko ya sa hannuwa a baya, domin kafaɗa ta daidaita da allo, ƙafafu su yi aikinsu.

Na uku shi ne sunkuyawa daga ƙugu da ƙafafu a sandare. Mutum yana jin ya yi ƙasa, alhali gwiwarsa ba ta lanƙwasa ba. A kwanar diddige wannan yakan sa allon ya yi ta karkarwa yana tsalle har ya kuɓuce, mai shi ya zauna daɓas. A kwanar yatsu kuma waɗansu sukan yi ɗage kamar mai leƙen katanga, abin da ke gajiyar da ƙafa ba tare da riƙo ba. Abin da ya dace shi ne ƙwauri ya jingina da harshen takalmi, gwiwa ta nufi dusar, baya kuma a miƙe.

Na huɗu shi ne barin kwana ba a ƙarasa ta ba. Mai gaggawa yakan fara sabuwar kwana tun allon bai gama gitta gangara ba, don haka kowace kwana ta fi ta baya gudu, har abin ya fi ƙarfinsa. Gwanaye da siffar kwana suke auna gudunsu: a wuri mai tsauri sukan cika rabin da'irar, har goshin allo ya ɗan dubi saman dutse kafin su juya.

DAGA SHARA ZUWA YANKA

Kwanar da ɗan koyo yake yi ana ce mata ta shara, domin wutsiyar allo tana share dusar, ta bar sawu mai faɗi. Ba abin kunya ba ce, gwanaye ma da ita suke amfani a wuri mai cunkoso ko matsattse. Amma akwai wadda ta fi ta daraja, watau kwanar yanka, inda goshi da ƙugu da wutsiyar allo duk suke bi ta layi ɗaya, sawun ya fito siriri kamar an ja da wuƙa.

A nan ne lanƙwasar gefen allo da muka ambata take aiki. Idan aka cika wannan lanƙwasa ta zama da'ira, daga tsakiyarta zuwa bakinta yakan kai mita 7 zuwa 9 a allunan da aka fi amfani da su. Idan mai hawa ya kafa allon a kan gefensa ya danna, ƙugun allon yakan lotsa har ya taɓa dusar, sai allon ya bi wannan baka da kansa ba tare da an murɗa shi ba. Gwargwadon yadda aka ƙara karkata shi, gwargwadon yadda da'irar take tsukewa; bisa lissafi, allo mai mita 8 idan aka karkata shi digiri 60 da'irarsa takan komo kusan mita 4.

Mai son koyon yanka yakan fara ne da ratsa gangara mai faɗi a kan gefe ɗaya, ya bar allon ya hau sama da kansa har ya tsaya, sa'an nan ya waiwaya ya dubi sawunsa. Sawun shi ne alƙali: in ya yi faɗi, da sauran shara. Bayan wannan sai ya koyi miƙewa kaɗan a ƙarshen kwana domin allon ya yi sauƙi a sauya gefe, ya sake yin ƙasa a hankali yayin da sabuwar kwana take cika. Tun da a yanka allon yana tafiya ne bisa tsawonsa, gwani yana iya sauya gefe tun kafin goshi ya kai layin gangara, abin da in mai shara ya gwada zai sha ƙasa.

HATSARI DA RIGAKAFI

Likitoci sun lura cewa masu siki gwiwa suka fi ji wa rauni, masu allo kuwa wuyan hannu, musamman a kwanakin farko na koyo, saboda mai faɗuwa yakan tokare da tafin hannu. Shi ya sa ake shawartar ɗan koyo ya sa takalmin wuyan hannu da hular kwano, in zai faɗi gaba ya dunƙule hannu ya sauka a kan sangalin hannunsa, in kuma baya ne ya manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugu.

Hukumar wasan ta duniya, FIS, wadda a shekarar 2022 ta ƙara sunan wasan allo a cikin cikakken sunanta, tana da dokoki 10 na zaman lafiya a kan dutse. Daga ciki akwai cewa wanda yake tahowa daga baya shi ne zai kauce wa na gabansa, kada a tsaya a matsattsen wuri ko inda ba a hango mutum, kuma a dubi sama da ƙasa kafin a tashi. Mai allo yana da ƙarin nauyi, domin kullum ya ba ɓangare ɗaya baya, don haka wajibi ne ya waiwaya ta kan kafaɗa kafin ya sha kwanar diddige. An kuma rarraba hanyoyin da launi: a Turai kore da shuɗi na masu koyo ne, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye.

Gwaninta ma ba ta hana dutse yin halinsa. Craig Kelly, wanda ya yi zakaran duniya cikin shekarun 1980, zaftarewar dusar ƙanƙara ce ta halaka shi kusa da Revelstoke a ƙasar Kanada cikin watan Janairu na 2003. Karine Ruby ta Faransa kuma ta rasu a shekarar 2009 bayan ta faɗa ramin ƙanƙara a duwatsun Mont Blanc. Dukansu biyu a wajen hanyoyin da aka gyara wa jama'a abin ya same su.

A FAGEN DUNIYA

Wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a birnin Nagano na Jafan a shekarar 1998, inda Ross Rebagliati na Kanada da ita Karine Ruby suka ci zinariya a tseren kewaya tutoci, wanda gwajin kwanar yanka ne tsantsa. A shekarar 2018 Ester Ledecká ta ƙasar Cek ta ba duniya mamaki da ta ci zinariya a siki da allo duka a gasa ɗaya, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. A wannan gasa ce Nijeriya ta fara halartar Olamfik ta sanyi, ko da yake a tseren keken ƙanƙara 'yan wasanta mata suka shiga.

Akwai kuma labarin Lindsey Jacobellis ta Amurka. A Turin ta Italiya a 2006 ta ba abokan tserenta rata mai yawa, saura ƙiris ta kai, sai ta kama allonta a sama domin burge 'yan kallo, ta sauka a kan gefe ta faɗi, Tanja Frieden ta Suwizalan ta wuce ta. Sai bayan shekara 16, a Beijin a 2022, ta sami zinariyar, tana da shekara 36. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ko a nahiyarmu ana yin wasan, a Oukaïmeden cikin duwatsun Atlas na Maroko, da Afriski a Lesotho inda sanyi yake kamawa daga Yuni zuwa Agusta. A Dubai tun 2005, da Masar tun 2017, akwai manyan zauruka da ake ƙera dusar a cikinsu da inji, a Namibiya kuma tuddan rairayi ake hawa da allo kusa da garin Swakopmund. Duk wanda karatu ko fatauci ya kai shi ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ya yi sha'awar gwadawa, shawararmu ita ce ya nemi malami tun ranar farko, ya sa hular kwano, ya zauna a koriyar hanya har sai ya iya tsayawa da kowane gefe a inda ya ga dama. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.